Yadda Ake Ziyartar Taskar Kayan Ibada ta Babban Cocin Toledo a Sifaniya

Duk baƙon da ya sauka Madrid ya ce mini yini ɗaya kacal yake da shi na buɗe ido, Toledo nake kai shi, kuma babban cocin garin muke fara nufa. Toledo tana kimanin kilomita 70 kudu da Madrid, a kan tudu, kogin Tajo ya yi mata ƙawanya ta fuska uku. Ita ce Ɗulaiɗila ta littattafan tarihin Andalus. Ta yi fiye da shekara 300 a hannun Musulmi kafin Sarki Alfonso na Shida ya karɓe ta a 1085. A gurbin babban masallacin Juma'ar garin aka aza harsashin wannan coci a 1226, ba a gama ginin ba sai 1493.

Kafin ka tashi, ka sani taskar kayan cocin nan, in ban da sashen saƙa da tufafi, ba wani gini ba ne daban da aka jera kaya a ciki. Ɗakunan cocin ne da kansu: ɗakin da limamai ke sauya tufafi, ɗakin ajiyar zinariya da azurfa, ɗakin shawarar manyan malamai, wurin zaman mawaƙa. Kayan da ke ciki don aiki aka yi su, wasunsu har gobe aikin suke yi. Saboda haka a gaban kowane abu ka tambayi kanka: wannan me ake yi da shi, me ya sa aka ajiye shi a nan? Wanda ya riƙe wannan tambaya zai fahimci wurin ko da shi ba Kirista ba ne, ko da bai taɓa karanta komai kan zane ba.

Abin da za ka tanada

Takalmi mai taushi, marar tsini, marar santsi. Garin hawa da gangara ne, daɓen duwatsu ne kuma, ga tsayuwar awa biyu zuwa uku a cikin cocin.

Sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa. Shigarmu ta gida ta wadatar, mace da mayafinta ba wanda zai tanka mata. Namiji kuwa al'adar coci ita ce ya cire hula idan ya shiga, don haka ka zo da jakar da za ka saka ta. Idan lokacin hunturu ne ka haɗa da rigar sanyi mai kauri, domin sanyin cikin ginin dutse yana ratsa ƙashi.

Fasfo ko katin zama, da katin banki, da 'yan kuɗin Yuro a hannu.

Waya cike da caji da abin saurare na kunne. Ana ba da bayanin murya ga masu ziyara, ka tambaya a wurin sayen tikiti wane harshe ake da shi cikin waɗanda kake ji.

Ƙaramin madubin hangen nesa. Mutane kan raina shi, alhali rabin abin kallon yana can sama inda ido ba ya tantancewa. In babu, kyamarar waya za ta yi: ka jawo hoton kusa ka duba a fuskar wayar.

Ƙaramar jaka da gorar ruwa. Akwati ko babbar jakar goyo ka bar su a masauki.

1. Zaɓi ranar, ka sayi tikitin jirgi tun da wuri

Daga Litinin zuwa Asabar ana buɗe wa masu ziyara da ƙarfe goma na safe. Ranar Lahadi safiya ta masu ibada ce, sai da rana ake buɗewa. Ranakun bukukuwan coci sukan canza tsarin, don haka ka leƙa shafin intanet na cocin kwana ɗaya kafin tafiya, nan ne kuma za ka ga kuɗin shiga na lokacin. Tsakiyar mako ta fi sauƙin cunkoso.

Jirgin ƙasa yana tashi daga tashar Atocha a Madrid, cikin kimanin rabin awa ya sauke ka. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne sayen tikitin zuwa kawai, da niyyar su sayi na dawowa da yamma. Kujerun yamma sukan ƙare. Ka sayi zuwa da dawowa lokaci guda. Idan jirgin ya cika, akwai bas daga tashar Plaza Elíptica, tafiyar kusan awa ɗaya, ya kuma fi arha.

2. Daga tasha zuwa ƙofar coci

Tashar jirgin a gindin tudu take. Ko ka hau bas na cikin gari zuwa dandalin Zocodover, ko ka taka ta gadar Alcántara. Mai ciwon gwiwa ya nemi matattakalar lantarki da ke haurawa da mutane cikin gari. Daga Zocodover ka bi titin Comercio, za ka hango hasumiyar cocin ta leƙo a ƙarshen titi. Lungunan tsohon garin kamar na cikin birnin Kano suke, ƙanana masu murɗiya, taswirar waya ma takan rikice a cikinsu. In ka ɓace, ɗaga kai ka nemi hasumiyar.

Masu ziyara ta ƙofar da ake kira Puerta Llana suke shiga, a titin Cardenal Cisneros, kuma a shagon da ke daura da ita ake sayar da tikiti. Akwai wata ƙofa ta ɗaya gefen wadda masu zuwa addu'a ke shiga kyauta, amma daga can ba za ka kai ga ɗakunan taskar ba. Kada ka bi ta nan don gudun biya, wurin na masu ibada ne. Tun a shagon ka tambayi abu biyu: ko ana hawa hasumiya a ranar, da kuma ko sashen saƙa da tufafi a buɗe yake.

3. Da ka shiga, kada ka fara da hoto

Nemi benci ka zauna minti biyar. Ido yana buƙatar sabawa da duhun ciki bayan hasken waje. Tsawon ginin mita 120 ne, faɗinsa kusan 60, ginshiƙai 88 ke riƙe da rufinsa, ga ɗaruruwan tagogin gilashi masu launi. Wanda ya ce sai ya duba komai zai gaji kafin ya kai ga abin da ya fi muhimmanci. Wurare biyar nake sa wa baƙo a gaba, sauran kuwa abin da ƙarfi ya bari.

Ka rage murya, ka kashe ƙarar waya da fitilar kyamara, ka duba alamun da ke ƙofar kowane ɗaki game da ɗaukar hoto. Idan ka tarar ana sujada a wani ɗan ɗaki, ka wuce ta baya, kada ka ɗauki masu addu'a. Ba a taɓa sassaƙa ko zane, komai kusancinsu da hannu.

4. Wurin mawaƙa da babban bagadi

A tsakiyar cocin akwai wani killataccen wuri mai kujerun katako hawa biyu, inda malaman coci ke zama suna rera addu'o'i. Fara da layin ƙasa. Masassaƙi Rodrigo Alemán ya yi su daga 1489 zuwa 1495, wato ana cikin yaƙin Granada ya fara aikin. A bayan kowace kujera ya sassaƙa yadda wani gari na daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus ya faɗa hannun sarakunan Kirista, Fernando da Isabel. Sunkuya ka duba da kyau: ga ganuwa, ga mahaya da garkuwa, ga masu rawani sun fito ƙofar gari suna miƙa makullai, a jikin wasu hasumiyoyin har an rubuta sunan garin. Musulmi zai ji wani abu a ransa a nan, ba kuwa laifi. Masu nasara ne suka ba da labarin, amma wanda ya sassaƙa shi ya rayu a zamanin, ya san irin tufafi da makaman mutanen. Kaɗan ne wuraren da za ka ga faɗuwar Granada ta 1492 ta hannun wanda ya ga lokacin.

Kujerun sama aikin Alonso Berruguete da Felipe Vigarny ne. A nan kuma akwai siffar Maryamu ta farin dutse, tana murmushi, jaririn yana taɓa haɓarta.

Juya ka fuskanci babban bagadi. Bayansa bango ne guda na katako mai ruwan zinariya, an gama shi a 1504 bisa umarnin Kadinal Cisneros (kadinal babban muƙami ne a cocin Katolika). An yi shi ne don jama'ar da ba su iya karatu ba su ga labarin rayuwar Yesu, Annabi Isa a wurin Musulmi, yadda Kirista suka ruwaito shi. Daga ƙasa ake karanta shi zuwa sama, inda gicciye yake. Nan madubinka zai yi aiki. A jikin wani ginshiƙi na wannan ɗaki akwai siffar wani malamin fiƙihu, Abu Walid. Almarar garin ta ce lokacin da aka ƙwace masallacin ba da sanin sarki ba, shi ya roƙi Alfonso da kada ya hukunta waɗanda suka karya alkawarin da ya yi na barin masallacin a hannun Musulmi, don a zauna lafiya. Ka roƙi mai gadi ya nuna maka shi, da wuya ka gano shi da kanka.

5. Zagaya bayan bagadi

Kana zagayawa za ka ga haske ya zubo daga sama. Narciso Tomé ne ya huda rufin ginin, ya buɗe taga, domin rana ta haska wurin da ake ajiye gurasar jibi, wato gurasar da ake tsarkakewa a sujadar Katolika. Ya gama a 1732, ya cika wurin da mala'iku na marmara da tagulla, har sassaƙa ta haɗe da zane ba ka gane inda ɗaya ta tsaya. Ka tsaya da baya ga bagadin ka ɗaga kai, sannan ka juyo. Da hantsi ya fi kyau. Wasu na ganin adon ya yi yawa a gini irin wannan, ni dai ƙarfin halin wanda ya huda rufin da ya shekara ɗaruruwa bai rushe ba shi ke tsayar da ni.

Za ka lura da jajayen huluna masu faɗi suna reto daga rufi. Na kadinal-kadinal ne da aka binne a ƙasan wurin, akan bar hular a rataye har ta ruɓe ta faɗo. Ka riƙa duba ƙasa ma, kaburbura kake takawa. A kan na Kadinal Portocarrero, wanda ya rasu a 1709, ba a rubuta suna ko muƙami ba, sai kalmomin Latin masu cewa a nan ƙura take kwance, da toka, da babu.

6. Ɗakin sauya tufafi: nan za ka kashe rabin lokacinka

Wannan shi ne zuciyar taskar. Kana shiga, a ƙarshen ɗakin, jar riga za ta kama idonka tun daga ƙofa. Zanen El Greco ne, El Expolio, wanda ya yi daga 1577 zuwa 1579. Mutumin tsibirin Kirit ne, sunansa na yanka Domenikos Theotokopoulos, ya zauna a Toledo har ya rasu a 1614.

Kada ka ruga gabansa. Tsaya a bakin ƙofa tukuna ka ga yadda jan ya rinjayi duk ɗakin. Sai ka taka zuwa tsakiya ka dubi taron: fuskoki sun cunkushe a bayan Yesu, masu, kwalkwali, wani na nuna shi da yatsa, ba sarari ko kaɗan, shi kuwa idonsa na sama, hannunsa a ƙirji. Sannan ka matso. A hagu wani soja ne cikin sulke, ka duba yadda jan rigar ya haska a jikin ƙarfen. A dama wani mai koriyar riga ya riƙe igiya, ya kai hannu zai fizge rigar. Can ƙasa wani mai rawayar riga ya duƙa yana huda katakon gicciye, hankalinsa na kan aikinsa, mata uku kuma sun zuba wa hannunsa ido.

Yanzu yi tambayar. Me ya sa aka sa wannan zane a nan? Domin ɗakin da limamai ke tuɓe kayan gida su sa na sujada aka yi odarsa. Liman yana sa rigarsa mai ado, yana kallon lokacin da ake tuɓe wa Ubangijinsa tasa. Da an ɗauke zanen an kai wani gidan kallo, wannan ma'ana da ta tafi. Malaman cocin na lokacin ba su ji daɗinsa ba: sun ce bai kamata kawunan jama'a su ɗara na Almasihu tsawo ba, kuma Linjila ba ta ce matan suna kusa haka ba. Aka yi ta jayayya kan farashi, a ƙarshe ya karɓi abin da bai kai wanda ya nema ba, amma bai sauya zanen ba.

A bangayen akwai hotunan manzannin Yesu da shi dai ya zana, dogayen fuskoki da dogayen yatsu. Akwai na mai zane Goya na 1798, kama Yesu da dare, ka kwatanta fuskokin taronsa da na El Greco. Rufin ɗakin aikin Luca Giordano ne, mutumin Napoli: Maryamu tana saukowa da rigar sujada ga Ildefonso, bishop ɗin Toledo da ya rasu a 667. Ka ga ko rufin ma zancen riga yake yi. Ɗakunan da ke maƙwabtaka suna da zanen Titian da Van Dyck da wasu, ka zaɓi biyu ko uku, sauran ka wuce.

Idan ayarin 'yan yawon buɗe ido ya cika ɗakin, kada ka kutsa. Koma gefe, ba sa wuce minti goma.

7. Ɗakin zinariya

A ƙarƙashin hasumiya yake. Abin da ake zuwa gani shi ne Custodia, wata 'yar hasumiya ta azurfa mai ruwan zinariya da ta haura mita biyu, aikin maƙerin fari Enrique de Arfe daga 1515 zuwa 1523. Azurfarta ta kai kilo 183, zinariya kilo 18, da ƙananan siffofi 260, dubban ƙusoshin murɗawa ke riƙe da ita, ana iya warware ta a sake haɗawa. A tsakiyarta akwai ƙaramin mazubi na zinariya zalla wanda asali na Sarauniya Isabel ne. A cikinsa ake sa gurasar da aka tsarkake, wadda Katolika suka yi imani jikin Almasihu ce. Duk wannan dukiya gida ce aka gina wa ɗan guntun gurasa, wanda bai san haka ba tarin ƙarfe mai ƙyalli kawai zai gani.

Sau ɗaya a shekara, ranar bikin Corpus Christi, Alhamis a watan Mayu ko Yuni, ana fito da ita a zagaya gari. Akan yi wa tituna rumfar yadi, a watsa ganyaye masu ƙamshi a ƙasa, a rataye manyan saƙe-saƙe a bangon cocin. In kana son ganinta tana aikinta, wannan ce ranar, amma ka kama masauki da wuri, kada kuma ka sa ran ziyarar taskar cikin natsuwa a makon.

Ka nemi Littafi Mai Tsarki na Sarki Luwis na Tara na Faransa, mujalladi uku da aka rubuta da hannu a Paris a ƙarni na 13, da ƙananan zane kusan 5,000. Sau da yawa kwafinsa ake nunawa don kare na asali daga haske. Mai sha'awar rubutun hannu da zayyana zai daɗe a nan.

8. Ɗakin shawara, da tutocin Fas

Tun a ƙofar ɗakin shawara ka tsaya. Adon farar ƙasa da ke kewaye da ita, da silin katako mai taurari da sarƙaƙƙun layuka, salon magina Musulmi ne da suka ci gaba da zama ƙarƙashin mulkin Kirista. Duk wanda ya san zayyanar masallatan Maroko zai gane hannun. A ciki an jera hotunan manyan bishop-bishop na Toledo tun daga na farko, samansu zanen bango na Juan de Borgoña.

Cocin yana kuma ajiye da tutocin sarakunan Banu Marin na Fas ta Maroko, waɗanda aka kama a yaƙin Salado a 1340, na alharini ne, da rubutun Larabci. Sashen saƙa da tufafi yana wani gini daban, Colegio de Infantes, 'yar tafiya kaɗan daga cocin. Ka tambayi ma'aikata inda ake nuna tutocin a lokacin zuwanka. Wanda ya yi makarantar allo zai iya tsayawa ya karanta abin da yawancin masu wucewa ke ɗauka ado ne kawai.

9. In da sauran ƙarfi

Farfajiyar cocin, wadda aka fara a 1389, wurin hutawa ce. Idan ana hawa hasumiya, a can babbar ƙararrawar nan take, Campana Gorda, mai nauyin kusan tan 17, wadda ta tsage tun farkon amfani da ita. Matattakalar matsattsa ce, mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya haƙura.

Akwai ɗakin sujadar Mozarab, inda har yau ake bin tsohon tsarin ibadar Kiristocin da suka zauna ƙarƙashin Musulmi suna magana da Larabci. Da safe ake buɗe shi, lokacin sujada kaɗai. Kirista da ke son halarta sai ya kwana a garin ko ya hau jirgin farko.

10. Salla, abinci da komawa

Musulmi ya tsara lokacinsa tun daga gida, ba a salla a cikin cocin. Haka ma tsohon masallacin Bab al-Mardum, wanda yanzu ake kira Cristo de la Luz, wurin tarihi ne. Duk da haka ka je ka gan shi: an gina shi a 999, ƙarami ne, ginshiƙai huɗu da ƙubbobi tara, da rubutun Kufi na tubali a goshinsa. Wanda El Greco ya kama masa zuciya kuma ya wuce cocin Santo Tomé, inda zanensa na jana'izar mai garin Orgaz yake.

Mutanen Sifaniya sai wajen ƙarfe biyu suke cin abincin rana. Abincin garin da ake kira carcamusas naman alade ne, kuma wasu kayan fulawa da kitsensa ake yin su, saboda haka ka tambaya kafin ka ci, ka ce "sin cerdo". Kifi da wainar ƙwai da dankali suna ko'ina. Tsarabar Toledo ita ce mazapán, alawar almon da sukari.

Ka bar Zocodover aƙalla minti arba'in kafin lokacin jirginka. Ana duba jakunkuna a tasha, ana kuma rufe ƙofar shiga 'yan mintoci kafin tashi, kuma tikitin na wannan jirgin ne kaɗai, wanda ya makara sai ya nemi bas.